Dutsen Cusco mai kusurwa 12 da yaran lesin ɗina

Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi a JHS (ƙaramar sakandare) ya san inda gizo ke saƙa, da an zo kan kusurwoyi yaro zai haddace maka (n-2) × 180, wato jimillar digirin kusurwoyin cikin siffa mai kusurwa n, tsaf kamar karatun allo amma ka ce masa daga ina 2 ɗin nan ya fito sai ya zuba maka ido kawai. Shi ya sa a lesin ɗin yamma da nake wa yaran unguwarmu masu shirin BECE, jarrabawar gama JHS, nan Aboabo na daina farawa da fomula, hoto nake fara nuna musu a waya.

Hoton wani dutse ne a jikin bango a Cusco, ƙasar Peru, babban birnin daular Inka kafin Sifaniyawa su kama sarkinsu Atahualpa a 1532. Kusurwarsa 12, an sassaƙe shi ya zauna daram da duwatsun gefensa ba siminti ba laka. Sai in ce kowa ya kwafe shi a takarda ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, kar layi ya hau kan layi, har ya koma alwatika zalla. Ko ta ina ka fara 10 za ka samu, to 10 sau 180 ai 1,800 kenan, ga 2 ɗin ya fito da kansa. Wasu kusurwoyin ma ciki suka lotsa sun haura digiri 180, nan gardama ke kaurewa kuma wallahi gardamar nake so.

Ƙofofin Inka kuwa ƙasa faɗi sama tsuke, a tsohon garinsu na Machu Picchu ma haka suke. Girgizar ƙasar 1950 ta yi wa cocin Santo Domingo da aka ɗora kan Coricancha, babban wurin bautar Inka a Cusco, ɓarna sosai, bangon Inka na ƙasa yana nan tsaye. Ƙofa ɗaya kusurwa huɗu, alwatika biyu, 360.

Amma fa kar a ce wai Inka sun karanta Yuklid, tsohon masanin lissafin nan, ina! Shi a Iskandariya ta Masar ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Larabawa suka fassara aikinsa a Bagadaza suna kiransa Uƙlidis. Inka gwanayen gini ne, Yuklid kuma hujja yake nema. Yaro ya yage kusurwa ukun alwatika ya jera su ya ga miƙaƙƙen layi, ya gani dai, amma a alwatika guda. Abin da ya tabbatar da shi ga kowace alwatika shi ne mas'ala ta 32 a littafinsa na farko, ta hanyar layukan da ba sa haɗuwa, kuma sai na kai su can ko da suna guna-guni.

Wata uwa ta tare ni, "Malam, wannan Peru ɗin zai fito a jarrabawa ne?" Na ce Hajiya Peru ba zai fito ba, 1,800 ɗin dai yana iya fitowa. Sati mai zuwa da'ira za mu shiga da hoton gonakin Inka na Moray masu hawa-hawa da siffar da'ira, kowa ya zo da kamfas ɗinsa don ba na son aro.