Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarar da Baba Ya Yi Shiru

Makon jiya na tsaya a inda na fara kabu-kabu. Yau zancen Baba ne, kuma wallahi shi ne ya fi mini nauyin faɗi.

Atamfa yake sarowa a Kantin Kwari na Kano, ya biyo da ita ta Matamaye, ya baza a rumfarsa ta Kasuwar Dole a Damagaram. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, kayansa suka maƙale a can, kuɗin kuma rabinsu na mutane ne. Bai gaya wa kowa ba. A Damagaram magidanci ba ya kai kukansa cikin gida, haka muka taso muka tarar, ni kuwa yau ina ganin wannan ɗabi'a ta cinye iyayenmu da yawa.

Kullum sai ya yi wanka, ya kafa hula, ya ajiye wa Inna jaka guda ta cefane da ta 'yan garuwa, ya fita. Tuwon dare kuwa loma biyu yake yi ya ture kwanon. Ƙarfe uku na dare ina jin ƙarar carbinsa a zaure. Inna ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya ce, "Zafin gari ne."

Ni ban lura da komai ba, don lokacin tramol ya gama da ni. A fada, wato wurin zamanmu na samari, aka fara ba ni, wai don kada in gaji a kan babur. Ƙwaya ɗaya ta zama huɗu, hannuna na rawa in ban sha ba.

Wata Laraba na sauke fasinja a Birni, can bayan fadar Sarki. Sai na hango mutum zaune a gindin wani dutse, shi kaɗai, rana tsaka, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Takalmin na fara ganewa. Ashe wata biyu ke nan da ya sayar da rumfar, nan yake wuni har la'asar don kada a gan shi gida.

Na durƙusa na ce, "Baba." Bai ɗago ba, sai cewa ya yi, "Kada uwarka ta ji."

Na goya shi zuwa asibiti, yana riƙe da rigata kamar yaro. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaura masa abin awo, ya ce tansiyo, wato hawan jini, ya kai 19, ya rubuta magani, ya hana shi gishiri. Sannan ya daɗe yana kallon idona, ya ce, "Kai ma zauna, samari. Me kake sha?"

Baba ya juyo ya dube ni.

Abin da na amsa a gabansa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.