Kujerar da ba a zama kanta: wasiƙa daga Landan

Zuwa ga ƴan uwa da abokan arziki na Tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaida manya, ina gaida yara, daga Bilbis har Kufan Tawa, da waɗanda ci-rani ya watsa Abijan da Libiya, don na san wasiƙar Ba'adare rabin masu karanta ta ba su gida. Nan Landan sai godiyar Allah. Sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, mutum ya yi la'asar da magariba kusan da alwala guda.

Kujera ce ta sa na zauna rubuta maku wannan takarda.

Wata Asabar da ba ni da aiki, ɗiyata ta matsa mani sai na kai ta babban gidan kayan tarihi na Birtaniya, wai an ba su aiki a lakwal. Da na ji shiga kyauta ne sai gardamata ta ƙare. Sashen Afirka yana ƙasa, sai an sauka matakala. Muna cikin zagayawa na hango wata kujerar ƙarfe, na ce a raina irin wadda yaran walda ke haɗawa bakin hanya ce, me ya kawo ta nan? Da na matso sai gabana ya faɗi. Ƙafafunta bindiga, hannuwanta bindiga, majinginarta bindiga. Ga gidan harsashi, ga kunama, ga baki, duk an yanke an liƙe da wuta. Bindigogi biyu da suka tashi tsaye suka zama bayan kujerar samfurin G3 ne na Turawan Fotugal, yawancin sauran kuwa Kalashnikof ce, wadda ba sai na kwatanta wa kowa ita ba a ƙasarmu yau.

Ɗiyata ta ja mani riga ta ce, "Baba, dubi, dariya take yi." Na duba. A gindin bindigar, wurin katakon da ake dafawa a kafaɗa, akwai ramukan ƙusa biyu, ƙarƙashinsu ga tsagar da ake zura maɗauri. Ido biyu da baki. Mai aikin ya lura da haka, ya juyo da su suna kallon duk mai zuwa. Ta ce tana son ta zauna. Mai gadin wurin ya yi murmushi ya girgiza kai. A jikin katakon nan kuma akwai ɓarnar gara, gara irin tamu, wadda ba ruwanta da ko bindigar wa ce.

Kun san gidan da na fito. Jikan maƙeri ne ni, na ja zuga-zugi tun ban kai tsawon uwar maƙera ba. Saboda haka abin da wasu ke kallo da ido, ni da hannu nake kallonsa. Na sunkuya ina bin wuraren da aka haɗa. Waldar ba ta da kwalliya, ba a goge ta ba, ba a shafa fenti an ɓoye ba. Da yaron kawuna ne ya kawo irin wannan haɗi, da ya sha rankwashi. Sai da na daɗe a tsaye na gane cewa da gangan ne: yana son kowa ya ga inda aka yanke, ya tabbata wannan ƙarfe ba zai sake tashi ba.

Sunan mutumin Cristóvão Canhavato, ana ce masa Kester. An haife shi a 1966 a Zavala, kudancin Mozambik. Ƙasarsu ta samu ƴancin kai daga Fotugal a 1975, ba a gama murna ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1977 tsakanin gwamnatin Frelimo da ƴan tawayen Renamo. Ku yi lissafi: yana da shekara 11 aka fara, yana da 26 aka sa hannu kan sulhu a birnin Rom, ran 4 ga Oktoba 1992. Duk ƙuruciyarsa ke nan. An ƙiyasta mutum kusan miliyan guda suka mutu, wasu miliyoyi suka bar gidajensu, cikin danginsa ma akwai waɗanda yaƙin ya naƙasa. Fannin gini ya karanta. Daga baya ya shiga wata tsohuwar ƙungiyar masu aikin hannu a Maputo, babban birnin ƙasar, mai suna Núcleo de Arte, a can ya tarar ana kawo buhunan guntayen bindiga.

Daga ina? Nan ne labarin ya fi kama ni. Bayan sulhu, makamai sun rage jibge a hannun jama'a, wasu a binne cikin daji, wasu ƙarƙashin gado. Wani babban limamin cocin Angilika, Dinis Sengulane, wanda ya yi ɗawainiya wajen sasanta ɓangarorin biyu, ya fito da wani shiri a 1995, sunansa da harshen Fotugal yana nufin mai da makamai su koma hauya. Ka kawo bindiga, ba mai tuhumarka inda ka samo ta, a ba ka hauya, ko keken ɗinki, ko keken hawa, ko kwanon rufi da siminti, gwargwadon abin da ka kawo. Akwai ƙauyen da suka haɗa nasu baki ɗaya aka ba su tarakta. Hikimar ba da kayan aiki maimakon kuɗi ba ta ɓuya ga wanda ya san kasuwa: wanda ka ba kuɗi yana iya sayar maka da tsohuwa ya je ya sayo sabuwa. Abin da aka karɓa sai a daddatsa shi. Ta haka aka tara makamai sama da 600,000, wani kaso kaɗan daga ciki ya je hannun su Kester.

A 2001 ya ƙera kujerar, gidan tarihin nan ya saye ta a 2002. A 2005 an yi ta yawo da ita cikin Birtaniya, makarantu, coci-coci, har gidan kaso an kai ta. Kusa da ita akwai wani aiki da ya fi ta girma, icce ne na ƙarfe da ya haura mita 3, nauyinsa ya kai kilo 500, wanda Kester da abokan aikinsa uku suka haɗa: Hilario Nhatugueja, Fiel dos Santos da Adelino Serafim Maté. Rassa da ganye duk bindiga ne.

Wani abu da aka nuna game da kujerar ya hana ni barci a daren. Duk bindigogin da ke jikinta babu ko ɗaya da aka ƙera a Afirka. Daga Turai da Koriya ta Arewa suka zo. Sun shigo, sun ci mutanen da za su ci, ga su sun dawo Turai ana ɗaukar su hoto. Dariya ta zo mani, kuka ma ya zo. Kuma ba zan ɓoye maku ba, raina ya sosu da cewa yaron Landan yana ganin kujerar nan kyauta, yaron Zavala kuwa sai ya nemi biza.

Da daddare na kira kawuna ta WhatsApp, shi ne ya gaji maƙerar kakanmu. Na fara ba shi labari cikin zumuɗi, ya katse ni: "Kai ɗana, mi ya kai ka kallon gumaka? Wanga shi ne abin da ka tai koyowa?"

Na san da yawanku haka za ku ce, shi ya sa ban tsallake maganar ba. A wurinmu da an ce mai sassaƙa mutum-mutumi, sai zuciya ta tafi ga gunki, kuma tsoron yana da tushe a addini, ban raina shi ba. Amma malamanmu sun san ruwayar Abdullahi ɗan Abbas, lokacin da wani mai sana'ar yin siffofi ya zo masa yana cewa da ita yake ci. Ya gargaɗe shi a kan siffanta mai rai, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi icce da abin da ba shi da rai. Kujera fa? Icce fa? Gaskiya ɗaya ce, a gindin iccen nan na Mozambik sun sa tsuntsaye da kunkuru da ƙadangare, waɗannan na bar wa malamai. Abin da nake nufi shi ne ƙofar ba a rufe take ruf ba kamar yadda muka ɗauka. Kuma wanda ya taɓa zama kusa da maƙeran farfaru, ya ga yadda suke siffanta sarƙar Agadas ko ta Tawa da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narke kakin ya fita su zuba azurfa a gurbinsa, ya san sana'ar nan tana gidanmu tuntuni, suna ne kawai ba mu ba ta ba.

Mu ma ai mun san sulhu. Kowace shekara ran 24 ga Afrilu muna hutu saboda yarjejeniyar 1995 da ta kawo ƙarshen tawayen Abzinawa na farko a Nijar, wanda kisan da aka yi a Cintabaradan a 1990 ya hura wutarsa, nan cikin jaharmu. Ran 25 ga Satumba 2000, zamanin Tanja Mamadu, aka tara bindigogi fiye da 1,000 a Agadas aka cinna masu wuta. Kafin mu, mutanen Mali sun yi nasu a Tumbutu ran 27 ga Maris 1996, kusan bindiga 3,000, suka kuma gina abin tunawa da ragowar ƙarafan a jikinsa. Ina saurayi lokacin na Agadas, a rediyo muka ji, muka yi ta murna a fada har shayi ya ƙone.

Sai 2007 ta zo, ƴan tawaye suka koma daji. Sai Libiya ta wargaje a 2011, rumbunan makamanta suka buɗe. Sai 21 ga Maris 2021, ranar da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, Allah ya jiƙansu ya ba mu haƙurin rashinsu. Don haka kada wani ya ce na zo Turai na ruɗe, ina cewa kujera za ta tsai da mai babur da bindiga. Ba ta tsai da shi a Mozambik ba ma: tun 2017 arewacin ƙasar, yankin Kabo Delgado, yana cikin wuta, kuma har gobe akwai hoton Kalashnikof a tutarsu, gicciye da hauya.

Abin da na gani a aikin Kester ya fi wannan ƙanƙanta, amma ina ganin ya fi daɗewa. Ƙona makamai biki ne na yini guda: manya su zo, a yi jawabi, hayaƙi ya tashi, kowa ya hau mota. Yaron da aka haifa bayan shekara biyu bai ga komai ba. Yaran da ke riƙe da bindiga yau a dajinmu, da yawansu ba a haife su ba a 2000. Su bindiga a hannun mai iko kawai suka taɓa ganinta, jandarma ko ɗan ta'adda, kullum tana tsaye, kullum ana sunkuyar mata da kai. Ba su taɓa ganin ta a yanke ba, an lanƙwasa ta, ta zama ƙafar kujera, ƴar shekara tara tana nuna ta da yatsa tana dariya. Kwarjinin nan shi ne rabin ƙarfinta, shi kuma mutumin nan ya tuɓe mata.

Sa'annan ga ɗaya rabin, wanda ba ya shiga gidan tarihi: keken ɗinkin da aka ba wanda ya kawo ta. In babu wannan, kujerar ado ce kawai. Muna da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba tun 1994. Muna da masu hannu. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake mai da gwangwani tukunya, tsohuwar ganga ta koma akwati ko baro, ya san ba gwaninta muka rasa ba. Akwai masu sana'a a gidan tarihi na Bubu Hama da ƙauyen masu aikin hannu na Wadata. Me zai hana abin da aka karɓo, bayan an daddatsa shi gaban shaidu, a raba biyu: wani ya koma galma da hauya, wani a ba waɗannan yara su ƙera abin da za a kafa a bakin kasuwar Tawa, inda mai zuwa cin kasuwar Lahadi daga ƙauye zai tsaya ya taɓa da hannunsa? A ƙera inuwa ma, rumfa ta ƙarfe da mutane za su zauna ƙarƙashi. Tamu kam a bari a zauna.

Mu maƙera kuma kada mu wanke kanmu. Hannun da ke ƙera lauje shi ke ƙera takobi, kuma kowa ya san akwai masu haɗa bindiga a ɓoye suna sayar wa wanda bai kamata ba. Kakana yana ƙera wa mahalba bindigar toka, amma sai ya san uban mutum kafin ya hura masa wuta. Na taɓa ganin ya mai da wa wani baƙo kuɗinsa, ya ce gawayi ya ƙare, alhali ga buhu biyu jingine a bayansa.

Duk wannan na zayyana wa kawu a waya, har cajina ya kusa ƙarewa. Ya yi shiru, ina jin masaba tana sauka a bayansa, yaran suna aiki. Na ɗauka zancen Ɗan Abbas ne ya shige shi. Can sai ya ce, "Iccen nan, kilo nawa ka ce?" Na ce 500. Ya ce, "Ƙarhen bakin bindiga kuwa ƙarhe ne na ƙwarai, ba ya cin wuta da yawa. Ka san hauya nawa za ta hita cikin wanga icce?"

Na ce ban lissafa ba. Ya ce in aiko masa da hoton, yana son ya ga yadda suka yi haɗin rassan. Na aika. Har yanzu bai ce komai ba, amma ƙanena ya faɗa mani ya ga tsohon ya kira babban yaronsa, sun daɗe suna buɗa hoton da yatsu.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hanya. In Allah ya kai mu babbar salla ina tafe.

Ɗanku da ke Landan