Abin da na koya a Kura, da babin da aka cire

Ƙarshen watan nan zan bar ofis, kuma tunda abokan aiki sun matsa in bar wani abu a rubuce saboda waɗanda za su gaje mu a aikin tattara tarihin garuruwa, to ga shi. Kun san yadda aka raba mu, kowa da garinsa, da rakoda, da kuɗin motar da ba ya kaiwa ƙarshen mako. Ni Kura ce ta faɗo mini, ta kudu da Kano a kan hanyar Zariya.

Wanda ya ratsa ta a mota yau, shinkafa zai gani an baza a gefen titi, da injinan casa, da kwandunan tumatir. Sai ya shiga cikin gari zai tarar da abin da ya fara kai sunan Kura nesa, wato rini. Rawani ɗan Kura da turkudi ba a Kano suka fi daraja ba, a wurin Buzaye ne, can Agadas da bayanta. Fatake su tafi da baƙin yadi, ayari ya sauko da gishirin Bilma da dabino. Tun a 1851 da Barth, Bajamushe matafiyin nan, ya zo Kano ya ga yadda tufar ƙasar nan take kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma marinan garuruwa irin su Kura na cikin masu ɗauke da wannan ciniki.

A marina na fi zama, wurin wani tsoho da faratan hannunsa suka rine har abada. Shi ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka a rami, a bar shi ya kwana kwanaki ana motsawa da muciya, har kumfar ta nuna ya nuna. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago, ya fito kore, muna tsaye iska ta mayar da shi shuɗi. Katsin da ya kwanta a ƙasan ramin ma ba a zubarwa, ƙona shi ake yi a haɗa laso a shafe bangon wani ramin. Daga nan sai mabuga, inda ake barbaɗa garin shuni a yi ta bugu har yadin ya ɗauki ƙyalli. Na ce, "Baba, ai wannan zai zuba a jikin mai sawa." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan zubar ita suke saya."

Abin da na fito da shi daga hirarrakin nan guda ɗaya ne, kuma har yau ina kansa. A 'yan shekaru kaɗan garin ya sauya abin dogaronsa. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobin Buzaye, na 1984 ya ƙara, kuma wanda ya rasa raƙumansa ba ya sayen rawani mai tsada. Ga yadin kanti da rinin bature sun riga sun shigo. A daidai wannan lokaci aka kammala madatsar Tiga, a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Ɗan marini ya ga rani da ruwa a gona, ya ajiye muciya ya ɗauki fartanya. Alkama, tumatir, albasa, daga baya shinkafa ta mamaye. Har zaman gari ya canza: cin rani ya juyo, maimakon matasa su fita, sai baƙi ke shigowa ƙwadago, mata a cikin gida suka kama turara shinkafa suna samun na kansu. Ruwan ya zo da nasa matsalolin, ciyawar kacalla tana toshe magudanai, ga tsutsar da ta cinye tumatir a 2016, ga faɗuwar farashi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan duk lokacin da kaya ya yi yawa. Amma wannan juyin shi ne tarihin garin a rabin ƙarnin da ya wuce. Shi na rubuta, na sa shi a tsakiyar rahotona.

Shugaban sashenmu ya riƙe rahoton ya ƙi cewa komai, sai ranar taron mako ya ɗaga shi a gaban kowa. Ya ce an aike ni tarihi na dawo da labarin masu baƙin hannu. Abin da yake so jerin sunayen masu sarauta ne, da shekarun kowa, da hotuna cikin manyan riguna, sai shafi biyu na fitattun 'yan gari, waɗanda kowa a ɗakin ya san su ne ake sa ran za su sayi kwafi a ranar ƙaddamarwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, jerin yana shafi na huɗu, ban bar shi ba. Amma rawanin da ke cikin hotunan ma ai daga marinar ya fito." Wasu suka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta ja mini. Ya cire babin gaba ɗaya, ya ce in miƙa rakoda da duk abin da ke ciki tunda kayan ofis ne.

Na miƙa. Aka ba wani rakodar ya tafi wani gari, aka goge abin da ke ciki don a samu wuri. Da na tambaya, sai aka ce ai an riga an rubuta abin da ake buƙata. Tsohon nan ya rasu kafin damina ta biyu, Allah ya jiƙansa. Muryarsa tana lissafa ramukan unguwarsu da sunayen masu su, da waƙar da mabuga ke yi don guduma ta daidaita, duk sun tafi. Littafi ya fito da sunan shugaba a bango, nawa yana shafin godiya tsakanin direba da mai buga takarda. Sunan bai dame ni kamar rakodar ba, ko da yake ba zan ce bai dame ni ba.

Saboda haka shawarata ta farko ba ta ilimi ba ce. Duk hirar da ka ɗauka, ka kwafe ta a wayarka a daren, ka tura wa kanka, ka kuma kai wa iyalin mai maganar kwafi. Ofis yana da rakoda, amma maganar ta mutanen gari ce. Kuma in kana da amsa mai kaifi ga na gaba da kai, ka faɗa masa ku biyu.

Sauran gajeru ne. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka ciro littafi. Kada ka je wa manomi da tambaya ranar da ruwan layinsa ya zo. Ka nemi abokiyar aiki mace, domin rabin tattalin arzikin garin yana bayan zaure, inda ba za ka shiga ba. In tsoho ya ce shekarar fari ko shekarar da ruwa ya zo, rubuta haka, ka nemi lambar daga baya. Kuma iyakar ƙaramar hukuma ba iyakar tarihi ba ce: Kadawa tana Garun Malam a takarda, amma ba za ka fahimci Kura ba sai ka je can.

Littafin rubutuna na hannu yana wurina, da kuɗina na saye shi, babu wanda zai ce kayan ofis ne. A ciki akwai babin da aka cire, da sunayen mabuga biyu da ban samu zama da su ba. Wanda aka ba Kura bayana ya neme ni in haɗa su, amma ya hanzarta, domin dukansu sun manyanta.