Saƙon Godiya Bayan Baje Kolin Gine-ginen Tarihi na Ɗalibanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin malaman tarihi na kwalejinmu da ke nan birnin Tawa, ina miƙa godiya ga iyaye da magina da maƙwabta da duk wanda ya sa hannu har aka baje kolin ƙananan gine-ginen da ɗaliban ajin sankiyam, wato aji na biyu a kwaleji, suka yi, aka kuma tashi lafiya ranar Asabar da ta wuce.

Darasin wannan aji ya ƙunshi daulolin Gana da Mali da Songai da Kanem-Barno da biranen Hausa, kuma kowane malami ya san yadda yara kan haddace sunayen sarakuna da shekaru, su zubar da su da zarar an gama jarrabawa. Shi ya sa bana muka raba su rukuni-rukuni, muka ɗora wa kowane rukuni gina abin da ya karanta.

Godiyarmu ta farko ga dattijon maginin unguwarmu ce, wanda ya bar aikinsa ya riƙa zuwa da la'asar ba tare da ya karɓi ko dala ba. Hasumiyar masallacin Agadas da yaran suka fara ɗagawa ta tsattsage tun kafin ta bushe, domin sun kwaɓa laka zalla sun shanya ta a tsakar rana. Baba ya sa su tattaka ƙasar da ƙafa tare da yankakkiyar ciyawa, su bar ta ta tsima, su mulmula tubali ƙanana kamar goro, sannan su riƙa ɗora jeri kaɗan-kaɗan suna barinsa ya sha iska a inuwa. Da ya zo kan itatuwan da ke leƙowa daga jikin hasumiyar, waɗanda yaran suka ɗauka ado ne, sai ya nuna musu cewa su ne matakan da magini ke takawa idan za a yi yaɓe bayan damina. A ganina, bayanin nan ya fi shafi guda na littafi amfani, domin ya fahimtar da su yadda ginin ƙasa da aka fara wajen shekarar 1515, aka sake ɗaga shi a 1844, ya kai har zamanin da UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ya kuma tuna musu cewa sana'ar ba ta mutu ba, tunda masallacin Yama da ke nan jiharmu ya ci lambar yabon fasahar gini ta Aga Khan a 1986.

Malamin lissafi ma ya cancanci yabo, shi da ya tsaya kai da fata cewa sai an bi ma'auni, kowace mita ɗaya ta koma santimita 3. Da haka hasumiyar Agadas mai mita 27 ta tashi santimita 81, kushewar Askiya, sarkin Songai, da ke Gao mai mita 17, wadda aka gina a 1495, ta tashi santimita 51, kuma da aka jera su kan tebur ɗaya kowa ya ga bambancin da idonsa.

Rukunin da ya gina ganuwar Kano shi ya fi jan jama'a. Sun yi ƙofofi da gwalalo da dutsen Dala, suka bar fili mai faɗi a cikin ganuwar suka kafa tsinkaye a matsayin gero. Wani uba ya tambayi dalilin wannan ɓarnar wuri, sai wata yarinya ta amsa masa cikin ladabi cewa birnin da abokan gaba suka kewaye yana buƙatar gona da ruwa a cikinsa, ta ƙara da cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa shi. Ba a rubuta mata wannan amsa ba.

Muna godiya ga iyayenmu mata da suka aiko da yumɓu da karan dawa da tsummoki, da su aka yi raƙuman ayarin da ke bi ta Takedda, garin tagulla da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Haka nan masu shagunan da suka ba da kwalaye, da mai amalanken da ya kawo ƙasa kyauta, da maigadin makaranta da ya hana awaki shiga inda ake shanya, aikin da ba ƙarami ba ne ga wanda ya san awakin Tawa.

Gine-ginen za su ci gaba da zama a ɗakin karatun makaranta har zuwa hutu, kuma duk mai son gani yana iya zuwa a ranakun aiki bayan an tashi darasi. Muna roƙon wanda ke da tsohon tebur ko falankin katako ya taimaka mana, domin ganuwar Kano har yanzu a ƙasa take. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya yi wa yaranmu albarka.

Malamin tarihi, a madadin abokan aikinsa, Tawa.