Aikin Hajji da ƙafa ake yin sa

Maniyyatanmu na Kumasi sukan ba da ƙarfi wajen biyan kuɗin kujera da sayen harami, su manta da ƙafafun da za su ɗauke su. Jirgi dai iyakarsa Jidda ko Madina. Daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, yawancin aikin a ƙasa yake.

Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau 7, ya haura kilomita 3. Ɗawafi a bene ya fi na ƙasa nisa sosai, domin da'irar ta faɗaɗa. Safiyar Sallah kuwa motoci kan cushe a hanyar Muzdalifa, mutum ya ga gara ya sauka ya taka zuwa Mina. Sai jifa: tsakuwa 7 ranar Sallah, 21 a kowace rana bayanta. Tantunan alhazan Afirka ta Yamma galibi suna nesa da Jamarat, wato wurin jifan, kuma hanyar zuwa daban, ta dawowa daban, ba a juyowa a tsakiya.

Don haka a fara tattaki wata biyu kafin tashi. Bayan asuba, daga Aboabo zuwa Kejetia a dawo, ba tare da shiga trotro ba, kuma da takalmin da za a tafi da shi. Sabon silifas na roba shi ne babban mai fasa ƙafa: gumi ya jiƙa igiyar, ta yi ta gogar tsakanin yatsu har ta yi bororo. Namiji ya nemi sandal mai kaurin ƙasa wanda bai rufe idon sawu ba. Mata an sauƙaƙa musu, safa da kambas ya halatta.

Akwai abin da maza ke jin nauyin faɗa. Babu wando a ƙarƙashin harami, cinya na gogar cinya, kafin Arfa fata ta saɓule, ka ga dattijo yana tafiya a tale. Man kaɗe marar turare, irin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu, yana hana wannan idan an shafa tun kafin a fita tanti.

A Harami a sa takalmi a 'yar jaka a rataya. Farin dutsen filin ɗawafi ba ya zafi, amma kwaltar waje tana ƙona tafin ƙafa, kuma mai ciwon suga ba lallai ya ji ba sai ya ga ƙunar. Shi kam ya riƙa duba ƙafarsa kowane dare.

Zafi ba wasa ba ne. A Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, akasari saboda shi. Da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki a Mina, daga nan sai ciwon kai da jiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a haɗa garin ORS (gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki) da adadin ruwan da aka rubuta a jikin fakitinsa, a riƙe lema. Jifan kwanakin bayan Sallah yana farawa ne bayan zawali, amma wanda ya bari sai bayan la'asar ya fi samun sauƙin rana, in dai jadawalin tawagarsa ya ba shi dama.

Kafin a bar tanti, a rubuta lambarsa a takarda a sa a jakar ɗamara tare da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa. Tantunan Mina duk farare ne, waya kuma tana mutuwa.