Zanen Shimfiɗar Ƙasa da Shaidar da Yake Bayarwa

Duk wanda ya koyi zanen shimfiɗar ƙasa ya san cewa tun kafin buroshi ya taɓa kyalle an riga an yanke babban hukunci, wato inda mai zane zai juya fuskarsa. Idan ya dubi nan zai ga kogi da inuwar itatuwa, idan kuma ya ɗan karkata sai ya ci karo da bututun da ke kwarara ƙazamin ruwa cikin kogin. A tsawon karatuna da aikina a wannan fanni, babu abin da ya sauya mini tunani kamar gane cewa zane shaida ce, kuma ana iya neman ta bayan mai zanen ya daɗe da barin duniya.

Caspar Wolf ya zana tsaunukan Alps na Suwizalan a shekarun 1770, lokacin da babu kyamara, kuma saboda ya kiyaye tsayin duwatsu da iyakar ƙanƙara yadda idonsa ya gan su, masana kimiyya sun koma ga zanensa domin gano inda ƙanƙarar da ke kusa da ƙauyen Grindelwald ta kai kafin ta ja da baya. Haka Claude Monet, wanda ya yi ta zana gadojin Landan tsakanin 1899 da 1901 yana sha'awar hazon da ya lulluɓe su, alhali kaso mai yawa na hazon nan hayaƙin kwal ne. Babu ɗayansu da ya zauna da niyyar rubuta tarihin muhalli. Gaskiyar kallonsu ce ta mai da aikinsu hujja.

Zane ya taɓa ceton daji ma. Masu zanen da suka taru a ƙauyen Barbizon, musamman Théodore Rousseau, sun matsa wa hukuma har aka keɓe fiye da hekta 1,000 na dajin Fontainebleau a Faransa a 1861, kuma zanen Thomas Moran na cikin abin da ya ja hankalin majalisar dokokin Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872. Sai dai akwai abin da ke damuna a nan, domin irin wannan zane ya saba nuna ƙasa fayau kamar ba a taɓa taka ta ba, alhali 'yan asalin wurin sun shafe dubban shekaru suna farauta da zama a cikinta. Wanda aka cire daga hoto ba ya wuyar cirewa daga ƙasa, kuma hakan aka yi musu.

Masu zanen wannan zamani da yawa sun daina kau da kai. Zaria Forman tana zana ƙanƙarar Girinlan da Antatika da allin launi, tana murza shi da yatsunta a kan manyan takardu, har ta bi jiragen binciken NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, domin ta ga ƙanƙarar daga sama. A 2004 Alexis Rockman ya zana unguwar Brooklyn ta birnin New York yadda ya hasasho ta nan gaba, ruwa ya shanye ta. Ina girmama ayyukan nan, ko da yake ina fargabar kada bala'i ya yi kyau a ido har mai kallo ya yaba launi ya wuce abinsa. Wadda ta fi koya mini ita ce Emily Kame Kngwarreye, 'yar asalin Ostireliya da ta rasu a 1996, wadda ba ta fara zane a kan kyalle ba sai da ta tsufa. Ba ta tsayawa daga nesa ta hango ƙasarta, saiwar doyar daji da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa take zanawa, domin ta san lokacin da take nuna da yadda ƙasa ke tsagewa a kanta.

Wannan sanin ne ido kaɗai ba ya bayarwa. Tafkin da samansa ya yi kore shar yana jan hankalin ɗalibi, ya yi ta haɗa shuɗi da rawaya domin ya kamo launin, amma wanda ya zauna da masana ruwa ya san cewa sau da yawa gansakuka ce da takin zamani ya ciyar bayan ruwan sama ya wanko shi daga gonaki, kuma idan ta ruɓe takan cinye iskar da kifi ke shaƙa. Itacen da saiwoyinsa suka fito fili a bakin kwari yana da daɗin zanawa, amma tazarar da ke tsakanin gindinsa da ƙasa ita ce ma'aunin abin da zaizaya ta kwashe. Tun da na fahimci haka ba na fara aiki a wuri sai na tambayi sunayen tsirransa, na san wanda aka shuka da wanda ya fito da kansa, na kuma dawo a wani lokacin na shekara.

Shi kansa fentin bai fita daga lissafi ba. Fentin akirilik roba ne da ake samu daga man fetur. Shuɗin kobal daga ma'adini yake, kuma mafi yawan kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, wani a ramukan da mutane ke shiga ba tare da kayan kariya ba. Ja da rawayan kadmiyam kuwa guba ne. Saboda haka ba na wanke buroshi a bakin famfo. A bokiti nake tara ruwan, in bar shi ya kwanta, in tsiyaye na sama, in bar lakar ta bushe sannan a kai ta inda ake karɓar shara mai guba. Inda launin ƙasa irin su jar ƙasa da ruwan ƙasa za su wadatar, su nake ɗauka, ko da zanen zai rasa ɗan ƙyalli.