Godiya bayan makon karatun Littafi Mai Tsarki na yara

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Jiya Lahadi muka rufe karatun yara na hutun Agusta a ikilisiyarmu, kuma ba zan iya yin shiru ba sai na yi godiya a bainar jama'a, domin abin da aka yi mana ya wuce a faɗa a kunne.

Da farko godiya ta tabbata ga Ubangiji. Kwana shida muka yi a tsakiyar damina, ruwa ya sauka a uku daga cikinsu, amma ko yaro ɗaya bai kwanta ciwo ba. Baba Fasto da dattawa, mun gode da kuka buɗe mana majami'a ranar da rumfarmu ta fara yoyo. Matasa da kuka kwashe bencina cikin ruwa, Allah ya sa muku albarka.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ne zan daɗe a kanku. Kunu da ƙosai kullum da safe, wannan kowa ya gani. Abin da ba kowa ya gani ba shi ne ranar Talata. Na rubuta Zabura 23 a allo da Hausa, sai na tarar yawancin yaran, har da 'yan aji biyar da shida na firamare, suna tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ. Suna jin Hausa, da ita suke wasa da faɗa, amma ba a taɓa koya musu karanta ta ba. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ina tsaye da alli a hannu, sai wata Kaka da ke wanke kofuna a bakin ƙofa ta goge hannu a zaninta, ta shigo, ta karanto zaburar da ka, duka ayoyi shida, ba ta tsallake kalma ba. Da kalmomin tsohuwar fassara ta karanta, wadda ta fito a 1932, irin wadda iyayenta suka koyi karatu da ita. Yara suka yi tsit. Daga ranar, kowace safiya ita ke ja musu baki aya aya, ni kuma ina nuna haruffan a allo. Kaka, ke kika koyar da ajin nan, ni rakiya na yi. Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai.

Malamai 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Na ji daɗin wanda ya zo da majajjawa ta gaske ranar labarin Dauda da Goliyat a Sama'ila ta Fari sura 17. Yaran da ke korar tsuntsaye a gona sun san abin nan sarai, su suka bayyana wa sauran dalilin da ya sa Dauda ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi daga rafi. Haka ma Luka 15: wani ƙaramin yaro mai kiwon awakin gidansu ya tambaya wa zai tsare tumaki 99 in makiyayi ya tafi neman ɗaya. Mun kusa rabin awa a kan tambayar, kuma ban ga ɓata lokaci a ciki ba.

Iyaye, mun gode da kuka saki yaranku a lokacin da gona ke bukatar hannu. Jiya kun ji su da kunnenku suna jero littattafai 66, daga Farawa har ƙarshe, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabo. Waɗanda suka kasa kaiwa ƙarshe, don Allah kada a yi musu faɗa a gida. A zauna da su da dare, aya ɗaya ta isa.

Ga waɗanda suka ara mana Littafi Mai Tsarki nasu, domin namu ba su kai ba har yara huɗu ke leƙa guda, duk suna ofishin ikilisiya, kowanne da sunan mai shi a ciki. Biyu ruwa ya taɓa bangonsu, ku gafarce mu, za mu gyara. Makarantar Lahadi za ta ci gaba kamar kullum, kuma Kaka ta yarda za ta riƙa zuwa mana da Zabura 121.